Matsefatar Baba

Salamun alaikum, 'yan uwa. Ke da kika rubuto mini cewa budurwar da ake neman aurenta ba ta da haɗi da kare, na ga saƙonki, kuma ban ji haushi ba. Innata ma haka ta ce, da muryar da ta fi taki ƙarfi. Ki dai gyara zama ki ji yadda aka yi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Kaltum, 'yar Malam Bunu mai noman tattasai. Garinmu yana bakin Komadugu, gabas da Diffa. Shekara huɗu ke nan da muka baro shi da kayan jikinmu. Yanzu muna raɓe a Diffa, gidan Kawu Alkali ƙanin Inna, ɗaki ɗaya da rumfar zana a bayan gida. Ni da Inna da karenmu.

E, kare. Sunansa Tattasai, saboda ja ne kamar wanda aka shanya a rana. Baba ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo, ya raine shi don gadin injin ban ruwa da korar awaki daga gona. Ranar da mutanen nan masu bindiga suka shigo yankinmu, Baba ya fita gona da safe tare da shi. Da yamma karen ya dawo shi kaɗai. Ba mu ga Baba ba, ba mu ga gawarsa ba, har yau ɗin nan da nake rubutu. Da muka gudu, Tattasai ya biyo mu a ƙafa kwana biyu, ba wanda ya kira shi.

Tun daga ranar Inna ba ta sake kallonsa ba. Ba ta dukansa, ba ta hana shi ƙanzo, amma in za ta zuba masa sai ta kau da kai gefe.

Shi kuwa Zakariya'u, mutumin da ya hana ni sakat, ma'aikacin gidan dabbobi ne, wanda a nan muke ce wa elebaj. Ya zo yi wa ragunan Kawu allura, ya hango Tattasai a ɗaure, sai ya ce, "Wannan dattijon fa, ba a gaishe shi ne?" Ni kuwa ina tsakar gida da tsintsiya, dariya ta kuɓuce mini. Daga nan aka fara. Babansa Goni ne, mai makarantar allo babba. Uwarsa, Hajja, tsabtarta ta yi suna a unguwarsu, har ana tsokanar cewa sai ta wanke sabulu kafin ta taɓa shi.

Ranar Litinin da hantsi Kawu ya leƙo rumfarmu yana gyaran murya.

"Ya Fatime, an aiko. Hajja za ta zo Juma'a bayan masallaci, ta gaishe ki, ta ga gida."

Daɗi da tsoro suka haɗu mini wuri ɗaya. Inna ta ce, "Allah ya kawo ta lafiya."

"Amin. Sai dai wancan." Ya nuna da haɓa. "Matar Goni ba za ta shigo gidana ta tarar da kare mai wari ba. Akwai mota mai tafiya wajen Sayam, in sa a ɗauke shi a sauke a daji. Allah na nan."

Na ce, "Kawu, ya tsufa. Kwana biyu ba zai yi a daji ba."

"To mi kike so, miji ko kare?"

Na juya wurin Inna, ina jiran ta ce wani abu. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kawunki ya yi gaskiya. Budurwa ba ta da haɗi da kare."

Bari in faɗa muku gaskiya, don ban fara wannan labari don in wanke kaina ba. Kawu bai yi ƙarya ba a batun wari. Tun da na shiga koyon ɗinki na yi sakaci da Tattasai. Ƙarangiya ta dunƙule masa gashin wuya da na jela, kaska ta cika masa kunne, faratansa sun yi tsawo sun lanƙwashe saboda zaman ɗauri. Karen da Baba yake wanke wa a kogi duk mako, a hannuna ya koma haka. Kunya ta kama ni, kuma kunyar ce ta ba ni baki.

"Kawu, don Allah ka ba ni zuwa Alhamis. In ban mai da shi fes ba, ka yi yadda ka ga dama."

Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "To, wanzamiyar kare. Akwai ragowar maganin feshin tattasai a zaure, ki watsa mishi, kaska duk ta zube."

Ku kuwa kun san mu 'yan bakin kogi, duk wani ƙwaro a duniya maganinsa ɗaya ne a wurinmu. Har na ɗauko kwalbar na girgiza. Allah ne ya sa na ce bari in yi wa Zakariya'u saƙo tukuna, don in yi masa burga.

Na rubuta: "Likita, yau ni ma zan yi aikinka. Cokali nawa na maganin feshi ake sa wa kare?"

Ko ajiye wayar ban yi ba ta yi ƙara.

"Kaltum! Kin sa mishi?"

"Ko sallama babu?"

"Salamu alaikum. Kin sa mishi?"

"Ban sa ba."

Na ji ya sauke numfashi. "Alhamdulillahi. Ajiye kwalbar nan nesa, ki wanke hannu. Zai lashe jikinshi, kafin la'asar kin rasa shi. Wa ya ba ki wannan shawara?"

"Wani babban likita ne a gidanmu."

Na kwashe komai na gaya masa, har batun motar Sayam. Sai ya ce gobe Talata ranar kasuwa, in same shi bakin ƙofa ƙarfe goma, mu zaɓi kayan aiki. Daga baya saƙo ya shigo: "Ki zo da hannunki na hagu, da shi za mu yi awo." Na karanta ya fi sau biyar ban gane ba, amma ban fasa murmushi ba.

Kada ku ce komai. Na sani kayan wankan kare zan sayo, amma lafayata ruwan zuma na ɗauko, wadda nake ɓoyo a ƙasan akwati. Na turara ta, na sa kwalli, na goga humra kaɗan a wuya. Inna ta bi ni da ido daga sama har ƙasa ta ce, "Karen ne zai ga kwalliyar?" Na yi kamar ban ji ba.

Tun da aka hana hawan babur kowa ya koma ɗan ƙafa, don haka kafin in kai, kwallin ya fara bin gumi. A bakin kasuwa aka duba jakata kamar kullum. Yana tsaye can gefe cikin farar riga mai gajeren hannu, biro biyu a aljihu, kamar wanda zai rubuta wa kasuwar duka takardar magani.

"Wushe, Kaltum," ya gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, likitan awaki."

Muka nufi rumfar wani Hamani mai kayan roba da tarkace. Ni da kaina na fara kai hannu, na ɗauko buroshin wanki mai tauri, irin wanda ake dirje buhu da shi. Na ce wannan ne daidai da dattin Tattasai.

Zakariya'u ya ce, "Kawo hannun hagun. A'a, ke za ki yi da kanki. Goga a cikin damtsenki, inda fata ta fi laushi."

Na goga. Wayyo, sai ga jan layi.

"To kin gani. Tsohon kare fatarshi ta fi taki laushi, ga ƙuraje. Abin da ya ci ki, shi ma zai ci shi, sai dai shi ba ya da bakin faɗa."

Haka muka bi buroshin rumfar ɗaya bayan ɗaya, ina gogawa a hannu kamar mai gwajin turare, har muka tsaya a kan na goge takalmi, mai gashi laushi. Mataji kuwa biyu ya ce, mai manyan haƙora don warware dunƙulen ƙarangiya, da ɗan siririn nan na kwarkwata don bi daga baya. Na ɗauko almakashi irin na ɗinkinmu mai tsini, ya karɓe ya mayar. Ya zaɓo na 'yan makaranta, mai dunƙulallen baki. Wai kare ba yadi ba ne, zai motsa.

Sabulu ma sai da muka yi gardama. Ni ina son mai ƙamshin lemo, don Hajja ta shaƙa ta ji daɗi. Shi ya ce farin sabulu marar turare, kuma kada in kuskura in sa garin wanki. Na ce shi ke nan, an hana Tattasai gayu.

Da muka zo kan roba, sai ya tambaye ni kalar robobin gidanmu. Na ce shuɗi da kore.

"To ɗauki ja. Ki ɗaura mata tsumma a kunne, ki rataye ta nesa da randa. Kayanshi duka su zauna ciki. Kada Inna ta wayi gari tana shakkar abin da za ta yi alwala da shi."

Wannan maganar ta shige ni. Ni karen kawai nake tunani, shi kuwa har Inna ya sa a lissafinsa.

Hamani yana ta kallonmu yana murmushi. Ya ce, "Amarya, lefe aka fara haɗawa tun yanzu? Mataji, sabulu, roba, saura madubi."

Na ce, "Na kare ne."

Murmushin ya tsaya masa a fuska. Ya dubi Zakariya'u, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba da zaman lafiya." Muka fito muna danne dariya.

Abu ɗaya ne ya gagara, abin cire kaska. Mun zaga rumfa huɗu, ba mu samu ba sai ɗan hantsakin da mata ke tsige gira da shi, mai laushi kamar gwangwanin madara. Zakariya'u ya matsa shi da yatsa ya girgiza kai.

"Da za a samu matsefata ta maƙera irin ta da, mai siririn baki. Ita ce ke kama kaska daga kai, ta fito ɗungurungum. In kan ya karye a ciki, wurin ruɓewa yake."

Sai na tuna. Baba yana da irinta, cikin ɗan gidan fata baƙi. Kullum in ya dawo gona zai zauna a tabarma, ya kaɗa harshe sau biyu, Tattasai ya zo ya kwanta ya miƙa ƙafa, a cire masa ƙaya. Na san ta tafi tare da Baba, don ba ya rabuwa da ita.

A inuwar wata bishiyar dogon yaro ya miƙo mini ƙaramin abin yanke kofato na wurin aikinsu, da maganin kaska na dabbobi, ya nuna mini iyakar inda zan yanke farce. Ni kuwa na tambaye shi abin da ya hana ni cin abinci tun jiya.

"In Hajja ta ce sai an kore shi fa?"

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Hajja ba ta son kare ko a hanya. Na gaya mata akwai shi. Na gaya mata na wane ne, da yadda ya dawo."

"Mi ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ni ma shirun nata nake tsoro."

Na so ya ce mini kada in damu. Amma ina tafe ina tunani, sai na ga na fi son wanda ya gaya mini gaskiya.

Laraba na yi wankan. Na ɗaura tsohon zane, na sa ruwa a rana ya yi ɗumi. Sai da na canza ruwa sau uku kafin jan gashinsa ya fito. Na bi dunƙulen ƙarangiya da babban mataji, wanda ya ƙi na yanke da almakashin 'yan makaranta. Da na kai ga buroshin takalmi, sai tsohon ya lumshe ido, ya jingina kansa da gwiwata, jelarsa tana share ƙasa a hankali. Na ce masa, "Ka yafe mini, ka ji." Na ɗauki hoto na tura wa Zakariya'u, ya amso: "Ango ya fito. Saura kunne da tsakanin yatsu, ki bi a hankali."

Alhamis bayan la'asar na zauna wa kunnen. Nan ne komai ya lalace. Hantsakin girar nan ya kama kaska ta farko ya zame, ya kama ta biyu ya fasa ta, kan ya maƙale a ciki. Tattasai ya yi wani kuka, ya fizge, ya shige ƙarƙashin amalanken Kawu yana rawar jiki. Na kira, na lallasa, na kawo ƙanzo, ya ƙi fitowa. Jini yana ɗiga daga kunnen da na wanke da hannuna.

Kawu ya fito daga zaure, carbi a hannu. Ya dubi karen ya dube ni. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Amma yau Alhamis. Motar da sassafe za ta tashi."

Na zauna daɓas a ƙasa, hantsakin a hannuna, na fashe da kuka irin wanda ban yi ba tun a hanyar gudu. Ba kare kaɗai nake wa kuka ba. Shi ne na ƙarshe da ya ga Babana, kuma ni ce na kasa riƙe shi.

Sai na ji labulen ɗaki ya motsa. Inna ta fito, ta jawo kujerar tsugunno ta zauna kusa da amalanke. Ta sa hannu a ƙugunta, inda take ɗaure makullin akwati a ƙarƙashin zane, ta kwance wani abu. Ɗan gidan fata baƙi ne, ya sha hannu har yana sheƙi.

"Inna..."

"Ranar ya manta ta a kan tabarma," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Na bi shi da ita har bakin ƙofa. Ya ce, ajiye mini, in na dawo."

Shekara huɗu muna kwana ɗaki ɗaya, ban taɓa sanin tana jikinta ba.

Ta kaɗa harshe sau biyu, daidai yadda Baba yake yi. Rawar jikin Tattasai ta tsaya. Ya ɗago kai, ya jawo jiki ya fito a hankali, ya zo gabanta ya kwanta, ya miƙa ƙafar hagu. Inna ta dube shi. Yau ce rana ta farko.

"Kai ka dawo," ta ce masa. "Ka dawo ka bar mini shi a can. Kullum na gan ka sai in ga ƙofa, ina jiran ya shigo bayanka."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta zaro matsefatar. Ta fara da tsakanin yatsu, sannan ta ce in riƙe masa kai. Hannunta ko rawa ba ya yi. Ta kama kaska daga tushe, ta ja a hankali, ta fito ɗungurungum, ta jefa a gwangwanin kananzir. Har kan da na karya ta ciro.

Na ce, "Inna, a ina kika iya?"

"Kin zaci Babanki ne yake cire na kunne? Idonshi ba ya ganin ƙanana. Ni ce."

Kawu yana tsaye, ya rasa inda zai sa carbinsa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wayata ta yi ƙara a kan tabarma. Na miƙa hannu ɗaya na duba. Zakariya'u ne.

"Kaltum ki yi haƙuri. Hajja ta ce ranar da aka sa, kowa share gida yake, ita gidan take son gani ba shara ba. Ta fito tun ɗazu ita da ƙanwarta. Yanzu na sani wallahi."

Ban kai ƙarshen karantawa ba muka ji sallama a zaure, muryar mace babba, a natse.

Na dubi kaina. Tsohon zane jiƙe da ruwa, gashin kare har a wuyana, lafayata ruwan zuma tana can ƙasan akwati. Ga jar roba, ga gwangwanin kaska, ga kan Tattasai a cinyata.

Kawu ya rage murya. "Maza ku ja shi bayan ɗaki! Ya Fatime, tashi ki wanke hannu!"

Inna ba ta tashi ba. Ta gyara zamanta a kujera, ta ɗaga murya ta amsa sallamar cikakkiya, har da lale marhabin. Sannan ta dubi ƙaninta.

"Alkali, je ka shigo da baƙi. Motarka kuma ka ce ta tafi, na Malam ba ya zuwa ko'ina."

Takun takalmi ya fara matsowa daga zaure, ƙamshin turaren wuta ya riga su shigowa. Hannuna yana kan wuyan Tattasai. Inna ta ɗora nata a kan nawa, ta danna kaɗan.

"Riƙe mishi kunne da kyau, Kaltum. Saura ɗaya."